Karen da Ya Raba Kan Landan

A watan Fabrairun 1903, a University College da ke Landan, masani William Bayliss ya tsaga wani kare mai launin ƙasa da ransa a gaban ɗaliban likitanci. Wasu mata biyu 'yan Suwidin da ke cikin masu kallo suka ce ba a sumar da shi sosai ba, yana ta mutsu-mutsu. Lauya Stephen Coleridge ya zargi Bayliss a bainar jama'a. Bayliss ya musanta, ya kai ƙara, kotu ta ba shi diyyar fam 2,000.

Hukuncin bai kashe wutar ba, domin a Ingila kare ɗan gida ne. A 1906 masu adawa suka kafa gunkin karen a unguwar Battersea. A 1907 ɗalibai suka yi arangama da 'yan sanda wajen neman farfasa shi. A 1910 hukumar unguwar ta ɗauke shi cikin dare.

Sai dai kuma gwaji a kan kare ne ya kai Bayliss da Ernest Starling ga gano sinadarin sikiritin a 1902. Kowane ɓangare na da hujjarsa. A 1985 aka kafa wa karen sabon gunki a Battersea.