Asalin Waƙar Ave Maria ta Bach da Gounod

A cocin Katolika da yawa a duniya, idan ana ɗaurin aure ko jana'iza, akan rera wata waƙa mai sanyaya zuciya wadda ake kira Ave Maria ta Bach da Gounod. Mutum biyu ne suka yi ta, amma ba su taɓa ganin juna ba, domin na farkon ya rasu shekara 68 kafin a haifi na biyun. Ga yadda abin ya faru.

A zamanin da, a ƙasar Jamus, an yi wani gwanin kiɗa ana ce da shi Johann Sebastian Bach, haifaffen garin Eisenach a 1685. A shekarar 1722, yana shugaban makaɗan fadar Köthen, ya haɗa littafin kiɗa mai kashi 24, kowane kashi da shimfiɗarsa. Ya yi shi ne don matasa masu neman koyo, gwanaye kuma su ɗebe kewa da shi. A lokacin piyano ba ta daɗe da fitowa ba, saboda haka don kakanninta masu madannai ya rubuta shi. Daga baya ne piyano ta gaje su, ta gaji littafin.

Shimfiɗar farko a littafin ita ce tushen labarinmu. Gaɓa 35 ce kacal, kuma ba ta da wani karin da mutum zai bi da baki. Hannun hagu ya taɓa madanni biyu ya riƙe, na dama ya hau uku ɗaya bayan ɗaya, ya sake hawansu. A maimaita, sa'an nan a ɗan gusa da yatsu a shiga gaɓa ta gaba. Haka take tafiya a natse har ƙarshe. Don sauƙinta yara masu koyon piyano ke buga ta har yau, amma sauƙin nan ne ya bar wa wani fili.

Wannan wani shi ne Charles Gounod, Bafaranshe, wanda aka haifa a Faris a 1818. A 1839 ya ci wata babbar gasar kiɗa, aka tura shi birnin Rum ƙaro ilimi. A can ya haɗu da Fanny Hensel, yayar mashahurin makaɗin nan Felix Mendelssohn, wadda ta riƙa buga masa ayyukan Bach a piyano har suka shiga ransa. Gounod kuwa mutum ne mai son ibada, har ya taɓa shiga karatun zama fada kafin ya koma ga kiɗa.

Ran nan Gounod yana buga shimfiɗar nan, sai ya ɗora mata wani kari daga kansa. Surukinsa Pierre Zimmermann, tsohon malamin piyano a Faris, ya ji ya yaba, ya rubuta karin don kada ya ɓace. A 1853 aka buga shi, gogen Turawa yana rera karin, piyano tana biye. A 1859 kuma mai ɗab'i Heugel ya fitar da shi da kalmomin addu'ar Ave Maria cikin harshen Latin, wato addu'ar da ta fara da gaisuwar mala'ika Jibra'ilu ga Maryamu, kamar yadda ta zo a Linjilar Luka. Tsakanin aikin Bach da wannan bugu shekara 137 ke nan.

Gwanintar Gounod ita ce bai rushe abin da ya tarar ba. Ya yi kamar magini da ya sami harsashi mai ƙwari, ya ɗora ginin ɗakin ibada a kai. Piyano takan fara da gaɓa huɗu ita kaɗai, sai murya ta shigo a hankali, tana jan sauti da dogon numfashi yayin da yatsu ke ta hawa a ƙarƙashinta. Tana ta ɗagawa har inda addu'ar ke roƙon Maryamu ta yi wa masu zunubi addu'a, sa'an nan ta sauko. Gaɓa ɗaya ce kawai baƙuwa a ciki, wadda aka ce wani makaɗi mai suna Schwencke ne ya cusa tun kafin Gounod, shi kuma ya same ta a bugun da yake amfani da shi.

Daga nan masu tsara waƙoƙin coci suka rarraba karin ga muryoyi huɗu na kwaya, biyu na mata, biyu na maza, wani lokaci ogan ta maye gurbin piyano. Bach ɗan ɗarikar Luther ne, bai rubuta kiɗan don wannan addu'a ba, amma yau sunansa da na Gounod a tare ake rubuta su a kan takardar waƙar. Wannan shi ne asalin yadda darasin koyon yatsu ya zama waƙar ibada.