Masu Gyaran Keke Biyu da Jirgin Sama

Duk shekara idan sakamakon jarabawa ya fito, mun san abin da ke faruwa a nan Sabo. Yaro ya faɗi lissafi ko Turanci, sai uba ya ce, "To, boko ba rabonka ba ne," a nema masa babur ko a tura shi kara wajen shanu. Sana'a ba abin raini ba ce, ai ita ta kawo kakanninmu ƙasar nan. Amma yanke wa yaro hukunci saboda faɗuwa ɗaya, wannan kam da sake. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wasu 'yan'uwa biyu, ko malamanmu da iyaye za su tsinci wani abu.

Wilbur Wright da ƙanensa Orville mutanen garin Dayton ne, a jihar Ohio ta Amurka. Shagon gyara da sayar da kekuna gare su, kuma babu wanda ya shiga jami'a a cikinsu. A 1896 wani Bajamushe mai suna Otto Lilienthal ya faɗo da jirginsa marar inji, ya mutu. Labarin da ya tsorata wasu, su kuwa sai ya ja hankalinsu. A 1899 suka dukufa kan binciken yadda mutum zai tashi sama.

Wurin gwajinsu shi ne Kitty Hawk, a gaɓar teku, saboda akwai iska mai ƙarfi da yashi mai laushi, ko an faɗo da sauƙi. A 1900 da 1901 suka gwada jirage marasa inji, duka biyun ba su ɗaga kamar yadda lissafi ya nuna ba. Na 1901 har juya shi ya zama wahala. Ran Wilbur ya ɓaci ƙwarai, har ya ce wa ƙanensa mutum ba zai tashi sama ba nan da shekara 50.

To a nan ne fa labarin ya juya. Da suka koma gida ba su sake ƙera irin na jiya ba, suna fatan sa'a. Tambayar kansu suka yi: ina kuskuren yake? Suka fara zargin alƙaluman da suka ɗauko daga magabata. Sai suka haɗa wani dogon akwatin katako mai tsawon ƙafa 6, da fanka mai hura iska a ciki, suka gwada ƙananan fukafukai kusan 200, suna rubuta sakamakon kowanne. Da wannan lissafin nasu na kansu suka ƙera jirgin 1902, suka sa masa wutsiya mai juyawa, suka yi shawagi da shi sau ɗaruruwa. Da suka rasa injin da ya dace, makanikensu Charlie Taylor ya ƙera musu a shago.

Ranar 14 ga Disamba 1903 Wilbur ya tashi, ya ɗaga hancin jirgin fiye da kima, ya faɗo. Suka gyara. Ranar 17 ga wata Orville ya yi daƙiƙa 12 a sama, tafiyar ƙafa 120. Kafin ranar ta ƙare Wilbur ya yi daƙiƙa 59, ƙafa 852. Kwana tara kafin wannan, jirgin Samuel Langley, babban masanin da gwamnatin Amurka ta bai wa dala 50,000, ya faɗa kogin Potomac, aikin ya tsaya nan. Su kuwa abin da suka kashe bai kai dala 1,000 ba.

Shekara 22 kacal bayan haka, a 1925, jiragen sojan saman Ingila uku suka sauka Kano daga Masar. Tafiyar Makka da kakanninmu kan share shekaru suna yi a ƙasa, yau alhazanmu cikin 'yan sa'o'i suke yin ta.

Muna yawan cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Gaskiya ne, amma haƙurin waɗannan bayin Allah ba na naɗe hannu ba ne. Kowace faɗuwa sai sun zauna sun bincike ta, sun rubuta, sun canza wani abu. Wannan ne ya kamata mu koya wa yaranmu, a boko da Islamiyya da wajen koyon sana'a. Malam, idan ka mayar wa ɗalibi takardarsa, kada jan biro ya zama ƙarshen magana, nuna masa inda ya kauce, ka sa shi ya sake. Mu iyaye kuma, kafin mu ce ba rabonsa ba ne, mu zaunar da shi mu tambaya: wane darasi ne ya kayar da kai, kuma me ya sa? In akwai hali a sake biya masa kuɗin jarabawa, amma da sabon shiri, ba irin na bara ba.