Tarihin Ƙauran Namoda da darasin zamantakewa

Darasin zamantakewa da ake koya wa yaranmu a firamare da ƙaramar sakandare ya fara kafuwa a Najeriya ne a makarantar Ayetoro ta tsohuwar Jihar Yamma, wadda aka buɗe a 1963 da tallafin Amurkawa. Taron Mombasa na 1968 ya yaɗa shi a ƙasashen Afirka, taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya karɓe shi, sannan manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ba shi mazauni. Niyyar mai kyau ce: a haɗa tarihi da labarin ƙasa da tarbiyyar ɗan ƙasa wuri guda domin a ɗinke ɓarakar da yaƙi ya jawo. Amma a wannan haɗin tarihi ne ya sha kashi, har aka cire shi daga manhajar matakin farko a 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawowarsa a hukumance. Illar tana nan a bayyane. Yaro a Ƙauran Namoda zai jero maka rassan gwamnati uku da ka, amma ka tambaye shi dalilin da ya sa layin dogo ya ƙare a garinsu, sai ya yi shiru. Ina ganin gyaran ya kamata ya fara daga nan: malami ya gina darasin a kan tarihin ƙasar da ajinsa yake tsaye a kanta.

Ƙasar kuwa ba ta rasa abin koyarwa ba. A yankin Zurmi Dutsi yake, inda labarin baka ya ce nan ne mazaunin farko na sarakunan Zamfara. Daga baya mulki ya koma Birnin Zamfara, wanda Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci a wajajen shekarun 1760, suka zauna a Alƙalawa. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, Fulanin Alibawa na wannan yanki suka shiga da ƙarfinsu, Abu Hamid ya riƙe Zurmi, Muhammadu Namoda kuma ya yi suna a fagen fama, yana cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808, kafin ya rasu a yaƙin Kiyawa ba da daɗewa ba. Har gobe sarkin Zurmi Sarkin Zamfara ake ce masa, na Ƙaura kuma Sarkin Kiyawa. Baturen Ingila Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824, Barth Bajamushe ya biyo a 1853, dukansu sun rubuta abin da suka gani. Duk wani babi da manhaja ta tanada, ko hijira ce, ko shugabanci, ko rikici da sulhu, yana da misali a cikin wannan labari, kuma misalin da yaro zai iya tambayar kakansa a kai.

Zamanin Turawa ya fi sauƙin kamawa, domin shaidarsa tana tsaye. A 1929 reshen jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda, nan ya tsaya. Gyaɗa da auduga aka shimfiɗa shi domin su. Da kaka ta yi, jakuna da raƙuma su shigo da kaya daga ƙauyukan Zurmi da Moriki da Shinkafi, a ɗora buhu a sikeli, akawu ya rubuta, ɗan baranda ya ci ribarsa, 'yan dako su yi lodi a tarago, manomi ya ware kuɗin haraji kafin ya taɓa saura. Malamin da ya sa ɗalibai su bi buhun gyaɗa guda daga gona zuwa tasha, daga tasha zuwa Legas, daga Legas zuwa masana'antun Ingila, ya koya musu sufuri da ciniki da mulkin mallaka a zama ɗaya. In ya ƙara da tambayar me ya faru da tashar bayan man fetur ya danne noma a shekarun 1970, ya kai su ga tattalin arzikin Najeriya ta yau. Haka kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis: yara su kawo jerin abin da ake sayarwa da inda kowane kaya ya fito, su zana hanyoyin a allo, za su ga da idonsu yadda Nijar da kudancin Najeriya suke haɗuwa a kara da rumfunan hatsi.

Za a ce jarrabawa ta ƙasa ce, ba za a tambayi yaro Namoda ba. Gaskiya ne, amma abin da ake tambaya, irin su dalilan hijira ko amfanin sufuri, wanda ya fahimce su ta misalin gida ya fi wanda ya haddace iya amsa su. Za a kuma ce wannan hanya tana tsuke wa yaro tunani, ta sa ya ɗauka duniya a bakin gulbin Gagare ta ƙare. Labarin da kansa ya ƙaryata haka, domin ba a bin sa ba tare da an faɗa Sakkwato da Gobir da Zariya da Legas ba. Da na gaba ake gane zurfin ruwa, kuma na gaban da yaro ya fi yarda da su su ne waɗanda ya san garuruwansu.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsoron tayar da tsohon miki. A yankin da rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, wasu na ganin ambaton yaƙe-yaƙen Zamfarawa da Gobirawa da Fulani wasa da wuta ne. Ban raina wannan tsoro ba. Sai dai in aji ya yi shiru, yaro zai ji labarin a majalisa ko a waya, daga bakin wanda yake son ya ɗora wa ƙabila guda laifi. Tarihin da aka koyar da adalci yana nuna abin da mai zuga yake ɓoyewa: auratayya, da kasuwa ɗaya, da burtali da aka yi yarjejeniya a kansa, da sarautun da suka haɗa sunan wata al'umma da jinin wata. Narambaɗa ma, ɗan Tubali ta ƙasar Shinkafi, Sarkin Gobir na Isa ya yi wa kiɗa, kuma kowa nasa yake ɗaukarsa.

Saura batun kayan aiki. Ba dole a kwashi yara zuwa Dutsi ba a lokacin da hanya ba ta da aminci. Dattijon unguwa ko tsohon ma'aikacin jirgi zai iya zuwa aji. Rubutattun ma akwai: Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, da binciken da Garba Nadama ya yi kan daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya zama gwamnan Jihar Sakkwato. Abin da ya rage shi ne hukumar ilimi ta jiha da kwalejojin horar da malamai su tace waɗannan su zama ɗan littafi da Hausa, su koya wa malami yadda ake tambayar dattijo a kuma auna maganarsa da abin da aka rubuta. Dattawan da suka ga lodin gyaɗa a tasha suna ƙarewa, don haka aikin ba mai jira ba ne.