Shin Cin Zarafin Yara Gado Ne?

Muna nufin wanda ya tashi cikin mugun duka, zagi ko rashin kulawa, ya girma ya yi wa 'ya'yansa haka. A 1987, Joan Kaufman da Edward Zigler na Jami'ar Yale a Amurka sun ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na irin waɗannan yara ne ke maimaitawa. Haɗarinsu ya fi na sauran iyaye, amma yawancinsu ba sa yi. Talauci, kaɗaici da rikicin aure kan ƙara haɗarin. Samun babba mai tausayi tun yarinta, abokin zama nagari da shawarar masana kan rage shi. Saboda haka mu ja irin waɗannan iyaye a jiki, kada mu tsangwame su.