Tafintan Wayar da Ta Mutu

A shagunan gyaran waya na Tudun Wadan Zariya, idan salula ta ƙi tashi gaba ɗaya, ƙwararren mai gyara ba ya gaggawar cewa ta mutu. Yakan buɗe ta, ya nemi wasu ƙananan ɗigo na tagulla a jikin allonta, ya liƙa musu siraran wayoyi da dalma, ya haɗa su da wani ɗan akwati da ke jone da kwamfuta. Mai wayar kuwa yana tsaye, abin da ya dame shi lambobin abokan ciniki ne da hotunan iyali. Waɗannan ɗigo ba don mai gyara aka yi su ba, kuma sun girmi zuwan salula Najeriya da shekaru.

A farkon shekarun 1980 masana'antu suna gwada allon lantarki ne ta hanyar danna shi a kan faifai mai ɗaruruwan allurai, kowace tana taɓa ƙafar wani ɓangare. Da kayan suka ƙanƙance, ƙafafun suka matsu, allura ta rasa wurin taɓawa. A 1985 injiniyoyin wasu kamfanonin Turai, da Philips a gaba, suka kafa ƙungiya don neman mafita. Da Amurkawa suka shigo aka kira ta JTAG, kuma a 1990 hukumar IEEE ta amince da tsarinta a matsayin ƙa'ida mai lamba 1149.1.

Dabarar ita ce a gina abin gwajin a cikin cif ɗin kansa, a bar masa layuka huɗu kacal: ɗaya na shigar da bayani, ɗaya na fitar da shi, ɗaya na bugun lokaci, ɗaya na zaɓen aiki. A bayansu akwai ɗan inji mai matakai 16. Duk inda ya ɓace, idan aka riƙe layin zaɓe a sama har bugu biyar, zai koma mafari. Ba a daɗe ba masu ƙera cif suka gane cewa ƙofar da aka buɗe don duba liƙin dalma za ta iya tsayar da ƙwaƙwalwar na'ura cak, a karanta abin da ke cikinta, a rubuta sabo.

Sai dai layukan ba sa jin maganar mutum. Dole a sami manhajar da za ta zama tafinta, ta mayar da umarni irin na "karanta wuri kaza" zuwa dubban bugu a jere. Shekara da shekaru kowane kamfani yana sayar da nasa tafintan da tsada. A 2005 wani ɗalibi a Augsburg ta Jamus, Dominic Rath, ya rubuta OpenOCD a matsayin aikin kammala karatunsa, ya sake ta kyauta. Hikimarta raba aiki: ɓangare guda ya san akwatin da aka jona, wani ya san ƙa'idar magana, wani ya san cif ɗin. Shi ya sa da kamfanin ARM ya fito da SWD mai layi biyu, ba a rushe ginin ba, ɗaki aka ƙara.

Salular GSM ta iso Najeriya a Agustan 2001 ta hannun Econet da MTN, sana'ar gyara ta biyo ta. Zamanin Nokia akwatuna irin su UFS da JAF ne suka yi tashe. Da Android ta zo sai RIFF da Easy JTAG. Daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har Tudun Wada, yara sun koyi aikin a gaban maigida, ta kallo, ba a aji ba. Manhajojin akwatunan sun ɓoye musu matakai 16 ɗin a bayan maɓalli guda. Wannan sauƙi ne ya ciyar da gidaje, shi ne kuma ya ɗaure mai gyara: abin da masu akwatin ba su saka ba, ba zai iya ba. Abin dariya, ƙa'idar da wayoyi masu cif ɗin Qualcomm ke amfani da ita a yanayin gaggawa sunanta Sahara.

Yanzu ƙofar tana rufewa. Kamfanoni suna toshe JTAG kafin waya ta bar masana'anta, kuma wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama wajibi ne bayanansu su kasance a kulle da sirri. Suna da hujja, domin inda mai gyara ya shiga nan ɓarawo ma ke shiga, kuma mutanen Arewa sun san ɗacin ƙwacen waya. Amma ba a yanka wa mai gyara na gaskiya nasa mabuɗin ba. Yau yana iya kwafe ma'ajiyar waya kaf ya zuba a kwamfuta, mai ita na tsaye a kansa, ya kasa fitar masa da lamba ko ɗaya.