Cocin Ƙasa na Wusasa

Yau hirarmu za ta bi hanyar jirgin ƙasa, wadda ta ratsa Funtuwa da Tsafe ta iso Gusau a shekarun 1920, mu koma inda ta taso, wato Zariya. A gefen birnin akwai Wusasa, ƙauye a gindin dutse, inda tsohon cocin Angilikan mai suna St. Bartholomew yake.

Na san wata za ta ce, me ya haɗa mu da coci? Ki ɗan saurara, Hajiya. Ginin nan da kika ji, hannun maginan Hausa ne.

A 1900 'yan mishan na CMS suka isa Kano, Sarki Alu ya ce su koma inda suka fito. Cikinsu akwai Likita Miller, wanda daga baya ya zauna cikin birnin Zariya da makarantarsa da ɗakin shan magani. Zaman bai yi daɗi ba, don haka wajen 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, aka gina cocin. Nan Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa.

To ga abin da ya fi burge ni. Ba a kwaikwayo cocin Ingila na dutse ba. Ƙasa aka kwaɓa, aka yi tubali, aka tayar da bango mai kauri. Rufin kuwa soro ne: an jera azara, wato itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, aka lanƙwasa bakan gizo tun daga jikin bango har ya haɗe a sama, shi ke ɗauke da nauyin rufin. Irin dabarar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya ke nan, kusan shekara ɗari kafin nan.

Mu da muke wuni cikin gida mun fi kowa sanin bambancin. Ɗakin kwano a watan Afrilu ko tanderu albarka, amma bangon ƙasa sai ya tare zafin rana, ciki ya yi sanyi. Wahalarsa ɗaya: yana son yaɓe kafin damina, da gyaran indararo. In an yi sake, ruwa ya ci shi. Don haka kafin maigida ya rushe tsohon soron Kaka ya sa bulo, ki tambaye shi ko akwai sauran magini a unguwa da ya iya ɗaurin bakan gizo.