Yauƙin da Ya Ci Dukiyar Jiragen Ruwa

A shekarar 1761 rundunar sojan ruwan Ingila ta lulluɓe gindin jirgin yaƙinta mai suna Alarm da fallayen jan ƙarfe. Tsutsotsin teku sun daɗe suna huda katakon jiragenta, ciyayi da halittu masu ƙwanso kuma suna manne wa gindinsu har gudunsu ya ragu. Dabarar ta yi aiki, domin jan ƙarfe yana sakin guba a hankali cikin ruwa. Sai dai tushen matsalar bai bayyana ba sai bayan fiye da shekara 170.

A 1935 Claude ZoBell da Esther Allen, masu bincike a cibiyar nazarin teku ta Scripps da ke Kalifoniya, suka wallafa sakamakon nutsa fallayen gilashi cikin teku. Sun ga cewa ƙwayoyin bakteriya ne ke fara zama a kan gilashin, kafin manyan halittu su iso. A 1943 ZoBell ya ba da dalili: ruwan teku yana da ƙarancin abinci, amma duk wani abu mai tauri yana tara ɗan abincin da ke narke a cikinsa.

Binciken da ya biyo baya ya fayyace matakan. Cikin mintuna kaɗan da nutsa abu, furotin da sinadarai masu dogayen sarƙoƙin sukari suna lafewa a jikinsa, su yi shimfiɗar da ido ba ya gani, wadda ke sauya yadda fuskar abin ke karɓar ruwa. Bakteriya su sauka a kanta, su fitar da yauƙin da ke ƙulle su wuri ɗaya, sannan gansakuka da 'ya'yan halittu masu ƙwanso su biyo baya. Santsin da ake ji a cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, irin wannan ginin ne.

Yaƙi da guba kuwa ya zo da asara. Fentin TBT ya kare jirage sosai, amma ya lalata kiwon kawa a Arcachon, har Faransa ta hana shafa shi a ƙananan jirage a 1982. Yarjejeniyar duniya da ta haramta shi ta fara aiki a 2008. Saboda haka masana suka ƙara karkata ga fenti mai sulɓi irin na silikon, wanda ba ya kashe komai, sai dai abin da ya manne masa ya kasa riƙewa idan jirgi ya ɗauki gudu.